Wayar Batir da Alkawarin Gogo

Kurfi, 9 ga Afrilu, 1962

Zuwa ga ƙanena Sabitu,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta iske ka lafiya kai da iyali a Kaduna, amin. Mutanen gida a Dutsin-Ma lafiya lau, Gogo ma ta ji sauƙin ƙafar, ba ta da zance sai na Makka.

Bayan haka, yau kwanana shida a Kurfi. Babbar motata ta mutu cikin yashin rafi, bayan gari. Ka san ni, ban gaji ko taya ba, da gumina na saye ta, kuma ban taɓa yarda wani ya taɓa mini inji ba. To, ruwan batir ya daɗe yana cin bakin babbar wayar da ke zuwa sitata mai tayar da inji. Duk sanda ta yi kore sai in datse ɗan kaɗan in sake ɗaurewa. Haka na yi ta yi shekara biyu, har ranar Talata na ja ta, ta ƙi kaiwa. Saura kamar yatsa uku. Wani maƙeri ya ƙara mini guntun tagulla, ina murza makulli hayaƙi ya tashi, robar ta narke. Yanzu motar ko ƙas ba ta yi. Ƙarti ashirin sun tura, ta ƙara nutsewa. Ga gyaɗar mutane a kai, ba halin in matsa ko nan da can.

Na san za ka ce ga Hudu makanike a Dutsin-Ma. Bara a tasha, gaban jama'a, na ce masa abin da ya sani a mota bai wuce wankin taya ba. Jiya ya aiko a gaya mini yana da wayar, amma sai na zo da ƙafata na faɗi abin da ya kashe motar, a inda na yi waccan maganar.

Sabitu, ran ashirin ga wata maniyyata za su taru a Kano. Tun muna marayu a ɗakinta na yi wa Gogo alkawarin ran da za ta Makka ni zan kai ta Kano, a gidan gaba, cikin motar kaina. Ta gaya wa duk unguwa. Zaren da ke cikin ambulan ɗin nan shi ne tsawon wayar, ka ƙara taƙi guda. Ka nemi mai kauri, da bakinta na dalma, ka ba direban da ka amince da shi.

Zan jira har Laraba ta sama. In wayar ba ta iso ba, zan wanke babbar rigata in tafi tasha ranar kasuwa, lokacin da ta fi cika, in faɗa da ƙarfi cewa ni na kashe motata da hannuna, yadda Hudu ba zai ce bai ji ba. Gogo dai ba za ta hau motar wani ba.

Ka gaida Rahamatu da Huseina, da Malam Lawal mai gidanku.

Ni ne yayanka,
Mahmuda Mai Mota