Kumburin da Ke Gaban Kunnen Inna

Dutse,
18 ga Satumba, 2000.

Zuwa ga ƙanwata Khadijatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ku cikin ƙoshin lafiya, ke da Alhaji Ɗanmusa da yara da dukan mutanen gidanku a Shagamu. Mu nan Dutse sai godiya. Matata Bilki ta yi arba'in shekaranjiya, jaririn da aka mayar wa sunan marigayi Baba kuma yana ta ƙiba. Damina ta yi kyau a gida, ƙaninmu Sagiru ya ce sun fara yankan gero a gonar bayan gari, tumakin Inna biyu sun haihu. Ban bi ta gidan waya ba, na ba direban motar goro wannan takarda ne don ta riske ki da wuri. Ina so ki zauna kafin ki ci gaba da karantawa, kuma ki karanta har ƙarshe kafin ki faɗa wa kowa.

Inna ba ta da lafiya. Tana tafiya da ƙafarta, tana cin abinci, tana sallarta a tsaye, saboda haka kada hankalinki ya tafi inda bai kamata ba. Amma ciwon ba ƙarami ba ne, kuma ya daɗe ƙwarai a jikinta.

Ga yadda abin ya bayyana. Inna ta zo Dutse sunan jariri ranar sha huɗu ga watan jiya. Cikin matan da suka shigo barka akwai maƙwabciyarmu Zipporah, matar Malam Asher, nas ce a nan garin, mutuniyar Filato. Tun rikicin Kaduna da fara shari'a a nan jihar 'yan'uwanta ke aiko mata cewa ta tattara ta koma gida, ita kuwa ta ce ba inda za ta je ta bar marasa lafiyarta. Ta durƙusa ta gaida Inna daidai lokacin da Inna ke shan kunu, sai ta ga kunun yana zubowa ta gefen bakinta na hagu, idon wannan ɓangaren kuma yana hawaye shi kaɗai. Da wasa ta roƙi Inna ta ɗan janye mayafi, wai tana so ta ga irin kitson mutanen Kafin Hausa. Da la'asar, bayan baƙi sun ragu, Zipporah ta aiko a kira ni zaure. Ba ta yi kwana-kwana ba. Ta tambaye ni wane likita ne ke duba kumburin da ke gaban kunnen Inna, kuma me ya ce. Na tambaye ta wane kumburi. Sai ta ce ita dai ba ta san ana yi wa uwa irin wannan wasa ba. Da ta gane ba wasa nake yi ba, sai ta dunƙule hannu ta nuna mini girmansa, kamar ƙwan agwagwa.

Khadijatu, shekara biyu da wata huɗu ke nan da fitowarsa. A cikin wannan lokaci ban taɓa tsallake Juma'ar ƙarshen wata ban je gida ba. Ke kin san yadda gaisuwata da Inna take. Ni ne ɗan fari, a hannun Goggo na tashi, Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai ta ce na Dutse. Ina shiga in durƙusa a bakin ƙofa, idona a kan tabarma, ita kuma ta ja mayafi ta juya fuska wajen bango. Ta tambayi hanya, ta tambayi iyali, ta sa albarka, in tashi. Haka muka gada, ban kuma taɓa ganin aibinsa ba. Sau ashirin da takwas na zauna taku uku daga wannan ƙari, ban gan shi ba ko sau ɗaya.

Abin da ya fi girgiza ni shi ne wanda na ji daga bakin Sagiru. Da yake shi ma ya zo suna, na ja shi gefe na tambaye shi, cikin fushin da yanzu nake jin kunyarsa, me ya hana shi gaya mini. Sai ya buɗe baki yana kallona. Ya ce ai kowa a gida ya ɗauka na sani. Ya ce da abin ya fara, ɗan ƙullutu ne kamar gyaɗa, ba zafi ba zazzaɓi, mata suka ce hangum ne, aka shafa ƙasar gidan zanzaro. Da ya wuce wata bai sace ba, wanzami ya zo ya yi ƙaho har sau biyu, aka kuma sha rubutu. Sai shi Sagiru ya kawo maganar asibiti. Goggo ta hana, ta ce a bari Likita, wato ni, ya zo Juma'a tukuna, shi da ya yi shekara shida a Zariya yana karatun cuta, in akwai abin tsoro ai ba zai yi shiru ba. Na zo, na gaida Inna, na ci tuwo, na zagaya na duba haƙoran bijimin Sagiru, na hau mota na koma. Suka ce alhamdu lillahi, Likita ya gani bai ce komai ba. Wata na gaba ma haka. Duk ziyarar da na kai, tabbaci na ƙara musu cewa lafiya lau. Har da bakinta ya fara karkacewa bayan Babbar Sallah, aka ce iska ce ta buge ta a hanyar rijiya, Goggo ta sake cewa in da na asibiti ne da Likita ya faɗa. Ni likitan dabbobi ne, na sha faɗa musu, amma ko a kan akuyar wani na ga irin wannan kumburi ba zan bar ta ta kwana ban bincika ba.

Washegarin suna Zipporah ta raka mu asibiti a nan Dutse, suka duba suka rubuta mana takarda zuwa babban asibiti a Kano, sashen kunne da hanci da maƙogwaro. Zan bayyana miki abin da aka yi dalla-dalla, don na san za ki so ki sani. Likitan dattijo ne mai haƙuri. Ya tambayi Inna yaushe abin ya fara, yaushe ya soma saurin girma, yaushe ya fara zafi. Ta ce masa shekara ɗaya da rabi yana zaune lafiya kamar ɗan gida, ba ruwansa da kowa, sai bana ya yi hali. Ta ce yanzu yana yi mata suka har cikin kunne, kuncin kuma wani lokaci ba ta jin sa, kamar ba nata ba, in ta zo kurkurar baki a alwala ruwan sai ya tsere mata. Ya taɓa ƙarin ya ji yana da tauri kuma ba ya motsi a ƙarƙashin fata. Ya lalubi wuyanta yana neman kaluluwa, ya leƙa cikin bakinta da fitila. Sannan ya ce ta ɗaga gira, ta runtse ido, ta hura kumatu, ta yi murmushi. Domin kada ta riƙa karkata kai, ya ce in tsaya a gabanta, ta kafa ido a kaina.

Ban san yadda zan rubuta miki wannan ba. Ina da shekara arba'in da ɗaya, kuma ranar ce na fara kallon fuskar mahaifiyata a natse. Girar dama ta ɗaga, ta hagu ta tsaya. Idon dama ya rufe, na hagu ya bar fari a ƙasa. Da aka ce ta yi murmushi, rabin bakinta kaɗai ya amsa. A nan na ga ashe tana da ɗan tabo a haɓa, na ga kuma hancinki nata ne. Ita ma ta daure ta kalle ni har likitan ya gama. Da muka fito ta ce wa Zipporah, wadda ta raka mu har Kano, ba ni ba, ashe na Dutse ya fara furfura.

An ɗauki hoton wurin da na ƙirji, aka kuma soka siririyar allura aka tsotso ɗan abin da ke ciki aka kai ɗakin gwaji. Mun yi mako biyu muna jira. Ranar da na koma karɓar sakamako ni kaɗai, likitan ya zana mini a takarda. A gaban kowane kunne akwai wata tsoka da ke haɗa yawu. Ya ce mafi yawan ƙarin da ke fitowa a wurin ba mugu ba ne, a cire a huta. Amma jijiyar da ke motsa fuska ta cikin wannan tsoka ta ratsa, kuma idan ƙari ya yi tauri, ya soma zafi, har ya kai ga kashe rabin fuska, to alamar ba ta da kyau. Gwajin ya tabbatar da zatonsa. Ciwon daji ne. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na tambaye shi abin da ke cina, ko da an kawo ta tun yana kamar gyaɗa da abin ya bambanta. Ya ce ba zai yi mini ƙarya ba, da aikin ya fi sauƙi ƙwarai. Abin godiya, hoton ƙirjin fes yake, bai kuma ji kaluluwa a wuya ba. Ya ce akwai fata mai kyau in an yi aiki yanzu, a bi da gasa wurin da hasken na'ura daga baya. Sun ba mu ranar Litinin, tara ga Oktoba. Ya ja kunnena cewa kowane watan da aka ƙara, ciwon ne ya ci riba.

Sai dai akwai sharaɗi. Ya ce da wuya su iya ceton jijiyar, don haka mai yiwuwa ɓangaren hagu na fuskarta ba zai sake motsi ba har abada. Ya kuma ce ba zai taɓa ta da wuƙa ba sai an faɗa mata wannan ƙarara, ta ji, ta yarda da bakinta, ta dangwala yatsa. Ya ce ya ga tsofaffi da yawa da 'ya'yansu suka yaudare su zuwa ɗakin tiyata, suka farka suka dubi madubi, ba su sake yarda da kowa ba. Ya ce ya fi kyau ta fara ji daga jininta kafin ta ji daga gare shi.

Har yau Inna ba ta sani ba. Abin da ta sani kawai shi ne an ɗebi ruwa za a duba. Ta koma gida tana shan ƙwayoyin rage zafi da maganin ɗigawa a ido. Sagiru ya ce shi ba zai iya ba, yana buɗe baki kuka zai yi. Goggo kuwa tun da ta ji ta daina magana da kowa, tana ganin laifinta ne, alhali ba nata ba ne. Zipporah ta ce a shirye take ta je, amma a ganinta wannan ba maganar maƙwabta ba ce, kuma gaskiyarta. Juma'ar da ta wuce na tafi da niyyar faɗa. Na tsara kalmomin tun daga Dutse har na sauka a tasha. Na shiga na durƙusa a inda na saba, ta juya wajen bango yadda ta saba, ta tambaye ni ko ruwa ya sauka a wajenmu. Na ce ya sauka. Ta sa albarka. Na tashi na fito.

Na fara wannan takarda da nufin in roƙe ki ki zo ki faɗa mata, tunda ke ce kike zama kusa da ita, kike tsefe mata kai, kike yi mata gardama ta yi dariya. Amma da na lissafa kwanaki na ga ba zai yiwu ba. Kafin takardar ta iso, kafin Alhaji ya ba ki izini, kafin ki keto hanya, an ci kusan mako uku. Ba daidai ba ne mace mai shekara sittin ta ji irin wannan labari ana gobe za a kwantar da ita. Tana da haƙƙin ta yi kwanaki tana juya shi, ta yi addu'a, ta yi shawara da wanda take so, ta ce e ko a'a cikin hankalinta. Saboda haka ranar Juma'ar nan, in Allah ya kai mu, zan koma. Zan wuce bakin ƙofa, in zauna ta ɓangaren da take juyawa, in faɗa mata komai yadda likita ya faɗa mini, har da cewa duk tsawon lokacin nan ban ga ƙarin ba. Ban san yadda za ta ɗauka ba. Mai yiwuwa ta ga na yi mata rashin kunya a tsufanta, mutanen gida ma su ce boko ya kai ni inda bai kamata ba. Na yarda da wannan.

Abin da nake roƙo gare ki shi ne ki taho duk da haka, ki iso kafin ranar tara. In ta ƙi aikin, ke kaɗai ce za ta saurara. In ta yarda, za ta buƙaci wadda za ta yi jinyarta a Kano. In kuma fushi ta yi da ni, sai ki shiga tsakaninmu. Ki nuna wa Alhaji wannan takarda, ki ba shi haƙuri a madadina.

Ki gaida Alhaji Ɗanmusa da kyau, da surukarki Hajiya, da Hussaini da ɗan'uwansa da sauran yara. Bilki tana gaishe ki, haka ma Sagiru da Goggo. Zipporah ta ce a gaya miki ta sa Inna cikin addu'arta. Ku ma ku sa ta, ku kuma roƙa mini Allah ya buɗe bakina ranar Juma'a. Allah ya ba Inna lafiya, ya kawo ki lafiya.

Wassalam. Ni ne yayanki,
Bubayero.