Awakin Kawu da Wutar Agusta

Asabar, 7 ga Yuli, 1984
Na dawo hasumiya. Aikin bai canza ba: in zauna saman dutse in zuba wa daji ido, in na ga hayaƙi in kira ofishinmu na garin Ain Draham ta oba-oba. Masu ɓare ɓawon farnan, itacen da ake yin toshiyar kwalba da ɓawonsa, sun gama da gangaren gabas, itatuwan sun tsaya jajur, tsirara.

Juma'a, 13 ga Yuli
Awaki sun shiga sabon dashe. Na kira, kamar yadda doka ta ce. Sai da motar ma'aikatan gandun daji ta kwashe su na gane na Kawu Balkasim ne, wanda ya riƙe ni bayan rasuwar Inna. Daga nan sama akuya akuya ce.

Talata, 24 ga Yuli
Na sauka ƙauye sayen garin kuskus da mai. Na shiga wurin shan gahawa. Kawu na karta, bai ko ɗago ba, ya ce, "Ku matsa gwamnati ta zauna." Aka yi dariya. Na ce, "Kawu, ban san naka ba ne." Ya ce, "Da na wani ne fa, Lazhar? Tun zamanin Faransawa ake korarmu daga dajin nan. Su dai ba mu muka goya su ba."
Ban sha gahawar ba.

Laraba, 1 ga Agusta
Iskar kudu, mai ƙona fuska. Yau da ƙadangare kawai na yi magana.

Juma'a, 10 ga Agusta
Jiya da hantsi wuta ta tashi a kwarin da Kawu ke ajiye amyoyin zumansa. Na kira, aka ce motar ruwa tana can wata gobarar wajen iyakar ƙasa. Dokar aikina ita ce kada in bar hasumiya. Na bar ta.
Duk ƙauye ya fito, har mata, da ɗanyun rassa da fartanya. Muka yi ta sare ciyayi don mu tare gabanta. Ban san da wa nake kafaɗa da kafaɗa ba sai da na ji an fizgi rigata, ashe bayanta ya kama da wuta. Kawu ne. Ya kashe da tafin hannunsa, ya ce, "Sakarai," ya koma sara.
Da la'asar iska ta juya. Gangaren gabas ya tafi. Zuman Kawu ma, duka.

Talata, 14 ga Agusta
Si Munsif, shugabanmu, ya hau da kansa, yana haki. Ya ce, "Kai ne idonmu. Wa ka gani a kwarin da safen nan?" In aka kama mutum, kurkuku ne.
Na ga Kawu. Na ga yana yi wa zuma hayaƙi, kamar kowace shekara, na ga ya tattake garwashin kafin ya tafi. Ko garwashin ya mutu duka, Allah ne masani.
Na ce, "Ban ga kowa ba, ranka ya daɗe." Ya daɗe yana kallona, sannan ya nemi ruwa.

Alhamis, 6 ga Satumba
Babbar Sallah. Ina hango hayaƙin gashin nama daga gidaje. Wannan ba na kira ba ne. Na ci burodi da zaitun.

Juma'a, 28 ga Satumba
Ruwan farko. Itatuwan da ke da ɓawonsu sun fara toho ta cikin baƙin. Waɗanda muka ɓare sun mutu. An ce a kewaye wurin da waya, ba kiwo sai bayan shekaru. Ni zan kafa turakun.

Laraba, 17 ga Oktoba
Kawu ya hau yau, hannunsa naɗe da tsumma har yanzu. Bai yi sallama sosai ba. Ya zauna bakin matakala, ya dubi ƙauye, ya ce, "Ashe haka muke ƙanana daga nan." Bai tambaye ni zancen Si Munsif ba, ni ma ban ɗauko ba. Na dafa shayi na ba shi, na jira ya gama kafin in sha, don kofina ɗaya ne. Ya ce ya yi ruwa-ruwa, wa ya koya mini.
Gobe zan sauka sayen ƙusa. Wataƙila in haɗo da kofi ɗaya, nawa ya fara tsagewa.