Tutar Bataliyar Yaya Sanusi

Gummi, daren Laraba, bayan isha'i. Babu wuta.

Kawu Mamman, tsohon soja, ya kawo mana a wayarsa bidiyon faretin da aka miƙa wa bataliyar Yaya Sanusi tutarta. An shimfiɗa ta kan ganguna, an yi addu'a, wani hafsa ya durƙusa ya karɓa, masu bindiga suka raka ta. Ƙyalle fa! Shi kuwa Yaya, tun da aka tura su dajin Bukkuyum wayarsa a kashe take.

Kawu yana washe baki ya ce, "Gara soja ya faɗi da tuta ta faɗi." A gaban Inna! Na ji kamar in fizge wayar.

Inna ta ce, "Mi ya haɗa ni da tuta, Mamman?" Sai ta juyo gare ni: "Kai mai digiri, duba mani ɗana."

Na bi fuskokin ɗaya bayan ɗaya. Ban gan shi ba, amma ba zan rantse ba ya ciki ba.

Abin da ban sani ba: ranar da aka yi faretin, ko an dawo da sojojin da ke daji domin faretin, su wa ke layin baya. Da abin da zan faɗa wa Inna, don na ce mata ta jira amsa sai da safe.