Ka Zo Ka Ɗauki Jatan Landenka

Kisumu,
Litinin.

Ɗana Owuor,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da matarka da aikin Mombasa. Ni lafiyata ƙalau, in ban da gwiwa. Ƙanwarka Anyango lafiya. Babanka ba lafiya, tarin ya fara zuwa da jini. Jatan landenka kuwa, da su kake fara tambaya kullum, suna nan garau.

Na rubuto ne don a waya ba ka bari in kai ƙarshen magana. Ka yi haƙuri da karkatattun layuka, da furfura na shiga aji.

Tun da ka bar mana akwatin gilashin nan ban saɓa maka ba. Ruwan famfo sai ya kwana nake zuba musu. In an ɗauke wuta, injin iskar ya tsaya, nakan zauna da kofi ina ɗiba ina tsiyayawa har hannuna ya sage. Ran nan na ga ɗaya a kife, na yi ta kuka don tsoron abin da za ka ce, ashe ɓawo kawai ya tuɓe. Babanka ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce, “Akeyo, jikar masunta ce ke makokin abin miya? In na mutu ki yi mini ko rabin wannan.” Gwaggonka kuma cewa ta yi in soya su da tumatir kowa ya huta.

Likita ya sallame shi, ya ce babu sauran abin yi. Ka san mutanenmu, namiji ba ya yarda ya cika a gidan haya. Ya ce a mai da shi ƙauyenmu Alego, ya kwanta a cikin shingen gidan da ya kafa da hannunsa. Ran Asabar za mu tafi. Can babu lantarki, kuma gilashi ba zai jure wa hanyar ba. A cikin jatan landen, jar macen nan tana ɗauke da ƙwai a ƙarƙashin wutsiya, ba wanda zan bar wa.

Sau nawa na ce ka zo ka ga babanka, ka ce aiki? To, ka zo ka ɗauki kayanka. Kujerarsa tana gefen akwatin, dole ku haɗu. Ba zan gaya masa don wa ka zo ba.

Ka ba ni amsa kafin Juma'a. Ka gaida matarka.

Mahaifiyarka,
Akeyo