Fitilar Babur a Cikin Daɓe

Daren Laraba, watan Rajab, Birnin Kudu

Da ƙyar nake riƙe alƙalamin nan.

Tun kaka nake tara tsingaro, har daga Gwaram Inna ta aiko mini da fasassun tukwanenta. Yau ni da matan unguwa muka jera su a ƙofar ɗakina, zagaye-zagaye kamar zanen faifai. Muka yayyafa makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa, muka yi ta bugu da madaɓi har tafin hannuna ya yi bororo. Kowa ya san ba a taka ɗanyen daɓe, ko kaza korar ta ake yi.

Sai ga Sale, ƙanin maigida, a kan sabon babur ɗinsa. Ina ɗaga masa hannu, amma ya bi ta kai, taya ta tone tsakiyar zanen. Har da dariyarsa: "Haba matata, ai yanzu zamanin siminti ne!"

Ban san sanda na ɗaga madaɓin ba. Na rafka wa fitilar babur ɗin, ta tarwatse. Ya sharara mini mari har na ga wuta. Na sake ɗagawa na same shi a goshi, jini ya wanke masa fuska. Da ƙyar mata suka janye ni.

Maigida ya ce wasan ƙanin miji ne, gobe in ba shi haƙuri. Zan bayar, tunda na fasa masa kai. Amma gilashin fitilar na tsince shi tas, yana cikin ƙwarya. Da safe zan dasa shi daidai inda tayar ta tone, duk sanda Sale ya shigo gidan nan ƙyallinsa ya fara gaishe shi.