Sunana Ya Zo Bayan na Mai Aski

Inna Fanta, assalamu alaikum. Don Allah ki taimake ni kafin ranar Alhamis, domin ranar zan zauna gaban malamina, kuma ban yarda da abin da bakina zai faɗa ba.

Ni malamin firamare ne, ɗan Batsari, amma a Safana nake koyarwa. Ina da aboki, bari in kira shi Haisam. Tare muka yi karatu a Islamiyyar mahaifinsa da ke Darini. Ba yabon kai ba, Inna, a makarantar nan ni ne mai murya. Duk walimar sauka ni ke bayar da waƙa, Haisam yana layin baya cikin 'yan amshi, shi ma sai an zungure shi yake shigowa a kan lokaci.

To wannan Haisam ɗin ne ya fitar da kundin waƙoƙinsa na farko, guda tara, daga wani situdiyo a Katsina. Kiɗan kwamfuta ne zalla, irin na rawa, babu kalangu babu garaya, muryar ma na'ura ta goge ta har ban gane ta ba. Na ce a raina kwana uku za a manta. Yau mako biyar. 'Yan acaba waƙar Haisam suke sawa, masu cajin waya ita suke tura wa mutane ranar kasuwa, matata Shafa'atu da ita take wanke-wanke. Wani mai gabatar da shiri a rediyo ya ce an daɗe ba a ambaci Batsari mutane sun yi murmushi ba sai yanzu. Mutum ɗaya na gani ya kushe, ya rubuta a Fesbuk cewa waƙoƙi ukun ƙarshe duk abu ɗaya ne. Sau huɗu na karanta rubutun, Allah ya yafe mini, har da tura wa mutane.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne waƙa ta huɗu, wadda ta fi tashe. Karin nawa ne. Ni na ƙirƙire shi don walimar saukarmu, shi kawai sauri ya ƙara masa. A ƙarshenta, inda mawaƙa ke jero sunayen mutanensu, ya gaida mahaifinsa da mahaifiyarsa, sai ƙanwarsa, sai mai situdiyo, sai wani Alhaji, sai mai askinsa, sannan ni. Na bakwai, Inna! Ɗalibaina murna suke wai an sa malaminsu a waƙa, ni kuwa dariyar yaƙe nake yi.

Ga inda nake son ki ba ni shawara. Mahaifin Haisam, wato malamin namu, ba ya sauraron kiɗa, ba shi da babbar waya. Ya aiko ya ce surutu ya ishe shi, wasu na yi masa barka, wasu na cewa ɗansa ya lalace. Ya ce cikin ɗalibansa ni ne bai taɓa kamawa da ƙarya ba, in zo ranar Alhamis da babu karatu in gaya masa abin da ke ciki. Idan saɓo ne zai hana, kuma Haisam bai taɓa tsallake maganar mahaifinsa ba. Gaskiya babu batsa a waƙoƙin, soyayya ce da damina da kewar gida. Amma akwai wani bidiyo a wayata na wani biki, samari da 'yan mata suna rawar rashin kunya da waƙar. Haisam ba ya wurin, bai ma san an yi ba. Na ajiye bidiyon. Ina gaya wa kaina ai ba ƙarya zan yi ba, nunawa kawai zan yi in yi shiru. Inna, hassada ce ke damuna, ko hakkina nake nema?

Daga Mai Murya, Safana.

Wa alaikumus salam, ɗana Mai Murya.

Duka biyun ne, amma ka cuɗa su wuri ɗaya, don haka bari mu raba.

Batun kari, kana da gaskiya. Idan kai ka ƙirƙire shi, ya kamata Haisam ya nemi izininka, kuma ya faɗa wa duniya. Sai dai ban ga inda ka ce ka gaya masa ba. Mai yiwuwa a ganinsa abin makarantarku ne na kowa, kuma ambaton nan shi ne godiyarsa. Ka kira shi yau, ka taya shi murna tukuna, sannan ka ce masa karin naka ne, kana so ya riƙa faɗa duk inda aka yi hira da shi. Wannan magana ce ta tsakaninku, ba ta gaban Malam ba.

Batun na bakwai kuwa, ɗana, sai da na dara. Mutumin da ya zauna ya ƙirga layi ya ji waƙar fiye da 'yan acaban da yake ƙorafi a kansu. Ka yarda tana yi maka daɗi, hakan ba zai rage ka da komai ba. Kuma tun da har yanzu muryar tana nan, wa ya hana ka amfani da ita? Makarantu ba su daina walima ba.

Bidiyon nan ka goge shi kafin ka gama karanta amsata. Nuna wa uba rawar wasu a matsayin aikin ɗansa ƙarya ce, ko ba ka buɗe baki ba. Malam yana da hakkin ya sani, kuma damuwarsa a kan kiɗa ba wasa ba ce. Ka rubuta masa baitocin a takarda, dukansu, ka karanta masa. Ka faɗa masa kiɗan na rawa ne, ana kuma sa shi a biki. Ka sanar da Haisam ranar, in zai iya ya zo ya yi wa mahaifinsa bayani da bakinsa. Hukuncin na Malam ne, ya bari ko ya hana.

Ka ce a waƙar Haisam kai ne na bakwai. A wurin Malam kai ne na farko, shi ya sa cikin ɗaliban Darini duka kai kaɗai ya aika wa. Wannan matsayin babu na'urar da ta gyara maka shi, kuma bidiyon minti ɗaya ya isa ya raba ka da shi har abada.

Allah ya sanyaya maka zuciya, ya sa ka fito daga zauren Malam ranar Alhamis yadda ya san ka.

Inna Fanta