Takalman Ƙafar Hagu a Ƙofarmu

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara, ya jikin Inna? Allah ya ƙara sauƙi.

Saura ƙiris a tashe mu daga gidan da muke haya a unguwar Dengfeng, nan ƙasar waje, inda muke sauke 'yan'uwa marasa masauki. Saboda wasannin Olamfik, hukumar unguwa ta turo mai duba cunkoso. Ya ƙirga takalma talatin a ƙofarmu, ya ɗauka mu talatin ne a gidan, alhali samfurin kayan Alhaji Isa ne, wani ɗan kasuwa ɗan Maraɗi, duk ƙafar hagu.

A taron hukumar aka yi ta gardama, har wata tsohuwa ta ce zalunci ne a kori masu ƙafa ɗaya. Aka bar mu, har aka sa maigidan kafa ƙarfen dafawa a matakala.

Yanzu kowannenmu ɗingishi yake in ya hango tsohuwar. A gaida Inna, ta taya mu addu'a kada mu manta wace ƙafar ce.

Ƙaninka,
Habibu